Filin Manoma: Lansir na Ruwa Zai Yi a Lambunanmu?

Huɗu daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan ganye ɗaya suke magana, ganyen da har yanzu bai sami tsayayyen suna a bakin Bahaushe ba. Saboda haka na haɗa su wuri guda, na kuma taƙaita gaisuwa da addu'o'in da masu wasiƙun suka yi mini, Allah ya saka musu da alheri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin rani ne a ƙasar Kura, kuma lambuna yana bakin wata ƙaramar hanyar ruwa da ke ɗauko ruwa daga babban kanal na Tiga. Ɗana da ke aiki a Abuja ya zo mana da wani ganye daga kanti, ƙanana ne ganyayensa, ɗanɗanonsa kamar lansir har da yajin nan da ke hawa hanci, ya ce a cikin ruwa ake nomansa. Na tsoma ragowar a kofin ruwa, bayan kwana biyar sai ga fararen saiwoyi sun fito. Zan iya dasa shi a cikin hanyar ruwan da ta bi gefen lambuna, tunda ruwan ba ya yankewa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaron albarka. Ganyen da ya kawo muku ɗan'uwan lansir ɗinmu ne na kwaɗo, danginsu ɗaya da kabeji, kuma yajin da ka ji a hanci gadon gidansu ne. Turawan Ingila suna kiransa wotakires, Larabawa kuma suna ce masa jarjir na ruwa, kuma duk alhajin da ya ci jarjir a Makka zai ji ɗanɗanonsa ba baƙo ba ne a bakinsa. Ni lansir na ruwa nake ce masa, domin shi ne sunan da manomi zai gane ba tare da dogon bayani ba. Idan za ka sayi irinsa, ka duba a jikin takardar ka ga an rubuta Nasturtium officinale da kalmomin nan biyu cikakku, saboda akwai wani furen ado da ake sayarwa da kalmar farko ita kaɗai, kuma shi dabam ne. Asalin wannan ganye ƙasashen Turai da Asiya ne. Karansa rami ne a ciki, shi ya sa yake kwanciya a saman ruwa ba ya nutsewa, kuma kowace gaɓa ta karan tana iya fitar da saiwa, wanda shi ne abin da ka gani a cikin kofi.

Amsar da zan ba ka ita ce zai yi a ƙasar Kura, amma a lokacin hunturu kawai, kuma ina roƙonka kada ka dasa shi a cikin hanyar ruwan nan. Dalilai biyu ne, na zafi da na tsabtar ruwa, kuma na biyun ya fi na farkon nauyi nesa ba kusa ba.

Maganar zafi mai sauƙi ce. A kudancin Ingila, inda aka fara nomansa don kasuwa tun shekarar 1808, ruwan da ake amfani da shi daga idon ruwa yake ɓulɓulowa ta cikin duwatsun alli, garai-garai, kuma sanyinsa yana tsayawa wajen digiri 10 zuwa 11 a ma'aunin zafi duk tsawon shekara. Wannan shi ne ruwan da jikinsa ya saba da shi, kuma da zarar ruwa ya wuce digiri 20 sosai sai girmansa ya fara ja da baya. Mu kuwa a Kano da Jigawa ruwan ƙarƙashin ƙasarmu ɗumi ne da shi, kowa ya san yadda ruwan rijiya yake fitowa da ɗumi da asuba a tsakiyar hunturu. Don haka damar da muke da ita ita ce daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare yake sanyaya duk ruwan da aka bari a buɗe. Ni da kaina na yi kuskuren makara a gwajina na farko, domin sai a watan Fabrairu na dasa shi a wani kwami na siminti a bayan gida. Mako uku ya yi yana kyau kamar a lashe, sai bazara ta kunno kai. Wata rana da azahar na tsoma hannu na ji ruwan kamar na wankan jariri, kuma cikin 'yan kwanaki ganyen ya ƙanƙance, ya yi ɗorawa, ya fitar da ƙananan furanni farare, ɗanɗanonsa ya koma ɗaci mai kama maƙogwaro. Tun daga nan na daina wuce tsakiyar Nuwamba ban shuka ba.

Maganar ruwa ita ce wadda nake so ka tsaya ka karanta a tsanake, ka kuma karanta wa maƙwabtan lambunka. Ruwan da ya taso daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana yin tafiya mai nisa a buɗe kafin ya iso gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. A kan hanya shanu da tumaki suna sha suna kashi a bakinsa, yara suna wanka, mata suna wanki, kuma a jikin bangon kanal da cikin ciyawar gefe akwai ƙananan dodon koɗi na ruwa birjik. Haɗuwar kashin dabba da dodon koɗi da ganyen da ake ci ɗanye ita ce hanyar tsutsar hanta zuwa cikin mutum, kuma a duk duniya lansir na ruwa shi ne ganyen da aka fi sani da ɗauko wannan cuta.

Makiyaya da mahauta sun san wannan tsutsa farin sani. Na taɓa tsayawa da sassafe a mahautar wata kasuwar ƙauye, mahauci ya tsaga hantar wata saniya, sai na ga hanyoyin matsarmama a cikinta sun yi fari sun yi kauri kamar bututun roba. Da ya matsa ɗaya da babban yatsansa, sai wani abu falan-falan ya zamo, siffarsa kamar ganyen darbejiya guda, tsawonsa ya kusa ɗan yatsa, yana motsi a hankali a kan faifan nama. Ƙwan wannan tsutsa yana fita ne a cikin kashin dabba. Idan ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin dodon koɗi ya hayayyafa a can na wasu makonni, sa'an nan ya fito da yawa ya manne a jikin ganyen da ke cikin ruwa, ya lulluɓe kansa da wani ɓawo mai tauri, ƙanƙane ƙwarai har ido ba ya kula da shi. Duk wanda ya ci ganyen nan ɗanye, saniya ce ko mutum, tsutsar za ta huda hanjinsa ta nufi hanta, ta yi wata uku zuwa huɗu tana girma. Mai ita yakan yi zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, daga baya kuma yana iya yin shawara, kuma sau da yawa sai a yi ta shan maganin maleriya da na taifot ba a gano bakin zaren ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum miliyan 2.4 ne suke ɗauke da ita a ƙasashe sama da 70. Wanke ganye da gishiri ko lemon tsami ko ruwan khal ba abin dogaro ba ne wajen kashe ta, wuta ce kaɗai take gamawa da ita idan ganyen ya dahu sosai. Haka kuma ƙwayar maganin tsargiya da ake raba wa yara a makarantu ba ta yi mata komai, maganinta dabam ne, ana rubuta triclabendazole a jikin kwalinsa, kuma likita ne yake bayarwa bayan gwaji.

Tunda na ambaci tsargiya, ita ma tana nan a ruwan kanal da na fadamun Haɗeja, sai dai ita ta fata take shiga, ba ta baki ba, kuma wani nau'in dodon koɗin ne yake ɗauke da ita. Noman da zai sa kai da yaranka ku riƙa tsayawa cikin ruwa kullum kuna tsinkar ganye zai ƙara muku haɗarin fitsarin jini. Akwai kuma haƙƙin na ƙasa da kai, domin wannan ganye idan ya ji daɗin wuri saƙa yake yi kamar tabarma ya toshe hanyar ruwa. A ƙasar Niyu Zilan, bayan Turawa sun kai shi a ƙarni na 19, sai da ya cushe koguna aka riƙa kashe kuɗi ana yashe shi. Mu da muka ga yadda kachala ta cinye hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru bai kamata mu jefa wani baƙon tsiro a ruwan jama'a ba, ko da muna zaton zafin bazara zai kashe shi.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka yi masa rafinsa na kansa a cikin lambu, da ruwan da kai ne ka san inda ya fito. Ka zaɓi wurin da yake samun hantsi amma inuwar bishiya take rufe shi daga azahar, idan babu bishiya ka kafa rumfar zana ko ta karan dawa. Ka haƙa fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita huɗu ko biyar, zurfinsa kamar taƙi ɗaya, ka ɗan karkata shi kaɗan yadda ruwa zai shiga ta kai ya fita ta ƙasa a hankali, yana tafiya ba yana gudu ba. Ka shafe shi da siminti ko ka shimfiɗa leda mai kauri, ka zuba ƙasa mai kyau gauraye da ruɓaɓɓen takin ganye, ka rufe da yashi da ƙananan tsakuwa kamar kaurin yatsu uku ko huɗu don kada ruwa ya yi laka. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji kada ya kusanci wurin. Ruwan kuwa ya zama na rijiya ko na burtsatse ko na tubwel ɗin da kake ja da inji, amma kada ka sake shi kai tsaye da ɗuminsa. Ka tara shi da yamma a buɗaɗɗen kwami ko durom ya kwana iskar hunturu ta buge shi, da safe ka buɗe masa ƙaramar kafa ya riƙa tsiyaya cikin fangalin. Ka ɗaura ragar sauro a bakin shigar ruwan, ka kewaye wurin da shinge saboda awaki, kuma duk dodon koɗin da ka gani ka tsince shi ka binciki ta inda ya shigo. Ruwan da ya fita ta ƙasa ba asara ba ne, ka bi da shi zuwa albasa ko tumatir.

Waɗannan karare da suka yi saiwa a kofinka su ne irinka, kuma dashe ya fi shuka sauri. Ka kwantar da su a kan yashin da tazarar taƙi ɗaya, ka danne kowanne da ƙaramin dutse, ruwa ya zama iyakar jiƙa yashin a kwanakin farko. Yayin da suka kama suka fara toho, ka riƙa ƙara ruwan har ya kai zurfin yatsu huɗu, kan ganyen yana sama yana shan iska. Idan da iri za ka fara, ka sani ƙanana ne ƙwarai, sai ka gauraya su da busasshen rairayi ka barbaɗa a kan jiƙaƙƙen yashi ba tare da ka binne ba, kuma za su tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Bayan wata ɗaya da rabi ko kusa da haka za ka fara yanka. Ka riƙa yankar kan da wuƙa mai kaifi, tsawon tafin hannu, a saman ruwa, ka bar gindin, domin cikin mako biyu zuwa uku zai sake cikowa, kuma yawan yanka yana sa shi yin rassa yana kuma jinkirta fure. Idan darɓa ta kama shi, ka toshe mafitar ruwa ka nutsar da ganyen gaba ɗaya na kamar awa ɗaya, ƙwarin za su taso ruwa ya tafi da su, ba ka buƙatar feshi a kan abin da za a ci ɗanye.

Idan kuma babu yadda za ka yi sai ruwan kanal, to ka ɗebo shi zuwa fangalinka maimakon ka shuka a cikin kanal ɗin, kuma duk ganyen da ya fito daga nan na miya ne, ba na kwaɗo ba, kuma wajibi ne ka faɗa wa duk wanda ka ba ko ka sayar wa. Wannan sassauci bai shafi masu lambu a bakin Jakara da Getsi da sassan kogin Chalawa da ruwan masana'antun jima yake malalowa ba, saboda wannan ganye yana zuƙar gubar ƙarfe daga ruwa yana tarawa a jikinsa, ita kuwa dafuwa ba ta cire ta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ringim, ba na fita gona. A bayan gidanmu akwai kududdufi da ba ya ƙafewa sai wajen watan Maris. Idan na sa yara suka dasa mini shi a bakin kududdufin zai yi? In ba zai yi ba, akwai yadda zan shuka shi a tsakar gida?

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Kududdufi shi ne wuri mafi muni da za a kai wannan ganye, domin ruwansa a tsaye yake, rana tana dafa shi, kwatamin unguwa a cikinsa yake ƙarewa, dabbobi kuma a nan suke sha. Ko ya rayu bai cancanci shiga bakin iyalinki ba, kuma ba na son yara su saba da shiga wannan ruwa. Tsakar gida kuwa ta fi lambun maigida dacewa, saboda idonki yana kai kuma ruwan da kike sha shi za ki ba shi.

Ki sami tsohon kasko ko roba mai faɗi, ki huda gindinta, ki zuba ƙasa da yashi, ki dasa karare biyar ko shida. Sa'an nan ki zaunar da ita a cikin babban daro ko baho mai ruwa, yadda ruwan zai kai rabin tsayin robar, ƙasar ta riƙa sha daga ƙasa ba ta taɓa bushewa ba. Wurin da ya fi shi ne kusa da randa, inda inuwa take kuma ƙasa take da damshi. Ruwan randar ma shi ne ya fi masa, tunda randar ƙasa tana sanyaya ruwa, musamman a hunturu da iska take a bushe. Abin da zai maye gurbin gudun rafi shi ne hannunki, wato kullum da safe ki zubar da ruwan daron ki sa sabo. Wannan canji yana ba saiwar iska, yana hana gansakuka da wari, kuma yana hana sauro hayayyafa, domin ƙwan sauro yana bukatar kamar mako guda a ruwa kafin ya zama mai cizo. Tsohon ruwan ki zuba wa zogale. Ruwan wanke-wanke da na sabulu kada su shiga. Kaji ne manyan abokan gabarsa a gida, don haka ki ɗora daron a kan turmi da aka kife ko ki rufe shi da tsohon kwando mai manyan idanu.

Wanda kika shuka haka da ruwan rijiya mai tsabta za ki iya wanke shi da kyau ki yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, daidai yadda kike yi da lansir, sai dai ki rage barkono tunda yana da nasa yajin. A miya kuwa a ƙarshe ake zuba shi, ya yi 'yan mintoci a sauke, kuma wuta tana kashe yajin ta bar ɗanɗano mai laushi kusa da na alayyafo. Mutanen kudancin Sin a miya suka fi cin sa, haka ma mutanen Madagaska da suke nomansa a kwarin babban birninsu. Ina ƙara miki da cewa lansir ɗinmu na tudu bai bukaci duk wannan hidima ba, cikin mako biyu zuwa uku ake yankarsa, don haka ki shuka shi a gefe, kada baƙo ya sa a manta da ɗan gida.

TAMBAYA: Malam, ina kiwon tarwaɗa a tafkin siminti guda biyu a Birnin Kudu, da ruwan burtsatse mai sola. Na ji an ce wannan ganye yana tace ruwan kifi. Gaskiya ne?

AMSA: Akwai gaskiya a ciki, ɗana. Kashin kifi da ragowar abincinsu taki ne, kuma lansir na ruwa yana zuƙar wannan taki da sauri, har a ƙasashen da suke nomansa akan dasa shi a mafitar ruwan gonar kifi. Sai dai kada ka jefa shi cikin tafkin da kifin yake, domin ruwan tarwaɗa yana da kauri da ƙarancin iska, kifin zai tumɓuke shi, idan karfasa ce ma cinye shi za ta yi. Ka gina siririn kwami mai tsakuwa a inda kake sakin ruwa, da ɗan rami a gabansa inda dauɗa za ta fara kwantawa, ka kuma surka da sabon ruwa idan na tafkin ya yi baƙi da yawa. Ranar da ka sa wa kifi gishiri ko magani, ka karkatar da ruwan wani wuri. Da yake ruwanka na burtsatse ne kuma shanu ba sa zuwa, tsoron tsutsar hanta kaɗan ne matuƙar dodon koɗi bai shigo ba, amma ruwan kifi yana da nasa ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, saboda haka ni a ganina wannan ganye ma a dafa shi. Kada kuma ka ɗauka kwami ɗaya zai ɗauke maka canjin ruwan tafki biyu.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni matashi ne a Doguwa, na gama makaranta ban sami aiki ba. Na gani a Facebook ana cewa wannan ganye ya fi kowane ganye a duniya amfani, har yana maganin ciwon daji da na suga. Ina so in shiga nomansa da yawa in riƙa kaiwa Kano. Me za ka ce?

AMSA: Allah ya buɗa maka, ɗana, kuma na ji daɗin cewa ƙasa ka dosa. Maganar da ka gani tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. A shekarar 2014 wata mujalla ta hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga wani nazari da ya auna ganyaye da 'ya'yan itatuwa 47, aka duba sinadarai 17 masu gina jiki, kuma lansir na ruwa ya zo na ɗaya da maki 100. Sai dai ma'aunin yana kwatanta yawan sinadaran ne da yawan kuzarin da abincin yake bayarwa, shi kuwa wannan ganye kusan kashi 95 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, don haka dole makinsa ya hau. Zogale da rama da yakuwa ba sa cikin abubuwan da aka auna, saboda haka ba a ce ya fi su ba. Yana da bitamin C da A da K da sinadarin ƙarfafa ƙashi gwargwado mai kyau, abinci ne nagari, amma ba magani ba ne, kuma haramun ne a gare ka ka sayar wa mai ciwon daji ko mai suga da alƙawarin warkewa har ya ajiye maganin asibiti. Masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin ma sai sun tambayi likita kafin su yawaita cinsa, saboda bitamin K da ke cikinsa yana rage ƙarfin maganin.

Ta fuskar wuri kuwa ka yi dace, domin kudancin Kano, wajen Doguwa da Riruwai, ƙasa ce mai tudu da duwatsu, kuma ta fi Haɗeja ko Gumel sauƙin zafi, saboda haka lokacin nomanka zai iya ɗan fin na sauran tsawo. Idan akwai idon ruwa a gonarku da yake fitowa daga gindin dutse, wanda za ka iya killacewa tun daga bakinsa kafin shanun makiyaya su taka shi, to kana da abin da yawancin masu wasiƙun nan ba su da shi. Killacewar kuwa a yi ta da fahimtar juna, a bar wa dabbobi mashaya a ƙasa da fangulanka, ba a sama ba, kuma ka nisanci ruwan da ya bi ta tsofaffin ramukan haƙar kuza.

Matsalarka ita ce kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan ganye kwana ɗaya ko biyu yake yi bayan yanka ya yi yaushi. A Ingila ma nomansa bai bunƙasa a garin Alresford ba sai da jirgin ƙasa ya iso a 1865 aka sami damar kai shi kasuwannin Landan da sauri. Dillalan 'Yankaba sun san latas da kabeji da lansir, amma ba su san wannan ba, kuma dillali ba ya ɗaukar kayan da babu mai tambaya. Don haka a hunturun farko ka yi fangali biyu kawai, ka ɗauki samfur ka zagaya otal-otal da gidajen abincin 'yan Sin da na Larabawa da manyan kantuna a cikin Kano, ka nuna musu hoton inda ruwanka yake fitowa, ka ji nawa za su riƙa ɗauka a mako kafin ka ƙara haƙa. Sauran gonar ka cika ta da abin da kasuwa ta sani. A ƙarshen Fabrairu ka bar gefe ɗaya ya yi fure, ka jira ƙananan kwansonsa su fara bushewa, ka tsinke su a cikin ƙwarya tun ba su fashe a ruwa ba, ka shanya a inuwa ka adana irin a kwalba don Nuwamba mai zuwa. Ranar kaiwa kuwa ka yanka da asuba, ka ɗaure dami-dami ƙanana, ka tsayar da gindinsu a bokiti mai ruwan sanyi kaɗan, ka rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ka hau motar farko yadda za ka shiga Kano kafin rana ta take.